Kiɗa da waƙa a rediyo ana tsaka da yaƙi, amsa ga 'yata mai tambaya

Wata 'yata da ke karatun aikin jarida a jami'a ta turo min tambaya, ta ce Baba wai da gaske ne lokacin yaƙin duniya na biyu da lokacin yaƙin basasarmu gidajen rediyo suna sa kiɗa da wasan ban dariya da daddare alhali ana can ana kashe mutane, wannan ba rashin tausayi ba ne kuwa, sannan me ya sa duk abin da ta karanta sai ta ga ana ta maganar dare dare kamar da rana ba a kunna rediyo. Toh 'yata kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi, don shekara 35 na yi a wannan aikin, na fara daga ɗakin inji ina gadin tiransimita, wato injin da ke watsa muryar tasha, kafin a mayar da ni sashen shirye-shirye, kuma ina ɗan shekara 13 aka fara yaƙin basasa, da kunnena na ji abin da zan gaya miki. Na Hitila kam ban gani ba, wani na karanta wani kuma daga bakin kawuna ne da ya je yaƙin ƙasar Bama.

Bari in fara da ta daren don ita ce ɓangarena na asali. Can sama akwai wasu rufi na iska hawa-hawa waɗanda hasken rana ke cazawa, mu a ɗakin inji ayonosfiya muke ce musu, to na ƙasan wanda yake wajen kilomita 60 zuwa 90 daga doron ƙasa, da rana aikinsa kenan shanye siginar matsakaicin zango kamar yadda soso ke shanye ruwa, amma rana na faɗuwa sai ya baje, siginar ta samu hanya ta wuce ta bugi na samansa ta dawo ƙasa a wani gari mai nisan gaske. Shi ya sa tashar da da azahar da kyar ake jinta a Zariya, bayan isha'i sai ki ji wani ya kama ta raɗau a Agadas. Gajeren zango ma haka ne, mita 49 da mita 60 sai dare suke buɗewa sosai, su mita 16 da 19 su ne na rana. Kinga kenan duk mai son muryarsa ta tsallake iyaka ta shiga ɗakin abokin gaba dole ya jira rana ta faɗi.

Sai kuma mutanen kansu. Manomi ya dawo daga gona, ɗan kasuwa ya rufe rumfa, an yi magariba an ci tuwo an yi isha'i, lokacin hira ya yi. Mu Hausawa ai ko tatsuniya ba ma yi da rana, rediyo zuwa ta yi ta tarar da tabarmar kaka a shimfiɗe ta zauna a kai. A Ingila kuwa abin ya fi haka, don tun ranar 1 ga Satumba 1939 aka sa dokar kashe fitilu, a toshe tagogi kar jirgin Jamus ya hango haske, aka rufe talabijin ɗungurungum ba a sake buɗe ta ba sai 1946, silima da gidajen wasa ma an rufe su a makonnin farko. Mutum yana zaune cikin duhu da iyalinsa, ba fita ba baƙo, daga baya kuma da aka fara ruwan bama-bamai a Landan a Satumban 1940 kusan wata biyu a jere kullum dare sai jiragen sun zo. Me ya rage masa in ba akwatin nan ba.

Yanzu ga babbar tambayarki, ta rashin tausayi. Wallahi irin tunaninki shi BBC ma ta yi da farko, kuma ta sha kunya. Da aka fara yaƙin sai suka ce ai yanzu ba lokacin wasa ba ne, suka haɗe tashoshinsu suka zama ɗaya, suka cika ta da labarai da sanarwar gwamnati da faifai, da wani bawan Allah mai kaɗa irin kayan kiɗan nan na coci safe da dare har mutane suka fara rubuto wasiƙun ƙorafi. Jama'a suka gundura. To a daidai lokacin daga Hambog a Jamus akwai wani mai suna William Joyce, Turawa suka laƙaba masa Lord Haw-Haw, yana magana da Turanci tas, ana gama labaran ƙarfe 9 na BBC sai mutane su murɗa su koma wajensa, yana zolayar manyan Ingila yana yi musu shaƙiyanci, miliyoyi ne suke saurarensa, akasari don dariya amma ai kin san mai dariya da kai yau gobe zai iya yarda da kai. Nan idon hukuma ya buɗe. A farkon 1940 aka buɗe tasha ta musamman ta sojoji mai yawan kiɗa, aka fito da shirin kiɗa na ma'aikatan masana'antu, sannan ga wani ɗan barkwanci Tommy Handley da shirinsa na daren Alhamis, wanda sunan shirin ma daga yadda jaridu ke yi wa Hitila habaici aka ɗauko shi, wato ga mutumin nan ya kuma dawowa. Bayan yaƙi dai an rataye Joyce a Janairun 1946.

Wadda ta fi burge ni a cikinsu mawaƙiya Vera Lynn ce, a 1941 aka ba ta shirin dare, tana karanta saƙon mata zuwa ga mazajensu da ke bakin daga, ta yi waƙar da aka zaɓa, har asibiti take zuwa ta gano matan sojojin da suka haihu ta zo ta sanar a rediyo cewa wane an yi maka ɗa. Ki lura, gaisuwa da zaɓen waƙa, sak abin da muka sani a nan. Kuma akwai manya a lokacin da suka tashi haiƙan suna cewa irin waƙoƙin nan na bege suna kashe wa soja jiki, a ba shi kiɗan fareti mai sa tsimi. Sojojin da kansu suka nuna abin da suke so da yawan wasiƙunsu. A 1944 har Bama ta je ta yi musu waƙa.

Su ma Jamusawan ba a bar su a baya ba, kai sun ma riga kowa shiri. Goebbels ministan farfagandar Hitila tun 1933 ya sa aka ƙera rediyo mai araha don kowane gida ya samu, a 1938 aka fito da wata ƙarama da ta fi araha har mutanen gari suka sa mata suna bakin Goebbels. Shi da kansa ya gane in ka cika wa mutum kunne da jawabi zai kashe akwatin, sai ya sa aka yawaita kiɗa mai sauƙi, kuma duk Lahadi akwai shirin zaɓen waƙa na sojoji da iyalansu, da sanarwar haihuwa, kamar dai sun kwafi juna da Ingila. Ana fara yaƙi kuma aka sa doka, wanda aka kama yana sauraren tashar waje ɗauri, wanda ya yaɗa abin da ya ji yana iya rasa ransa. Duk da haka mutane suna shiga cikin bargo da akwatinsu su kamo Landan.

Akwai wani abin mamaki da ya faru a 1941. Jamus ta mamaye Belgirad ta mayar da gidan rediyon garin tashar sojojinta, faifansu kaɗan ne, a ciki akwai wata waƙa da ba ta yi kasuwa ba mai suna Lili Marleen, labarin soja ne da budurwarsa da suke haɗuwa a gindin fitila a ƙofar bariki. Sai suka riƙa sa ta kullum dab da ƙarfe 10 na dare. Saboda abin nan da na gaya miki na tafiyar sigina da dare sai ta riƙa sauka har hamadar Libiya, sojojin Jamus suna ji, sojojin Ingila da suka wuni suna harbin juna da su su ma suna ji, har suka ɗauke ta ta zama tasu. Goebbels bai so waƙar ba don a ganinsa ba ta da zafi, ya yi ƙoƙarin hana ta abin ya faskara.

Toh in duk ɓangarorin kiɗa ɗaya suke bayarwa, ina bambancin? A labaran da ke biyo baya yake. Waƙa ita ce zumar da ake shafa wa bakin ƙoƙo, abin tambaya shi ne me aka zuba a ciki. BBC ba waliyiya ba ce, ana tace mata labari kuma tana ɓoye abubuwa, amma ta riƙe abu ɗaya, in an ci su da yaƙi tana faɗa, da Singafo ta faɗi hannun Jafan a Fabrairun 1942 ta faɗa, shi ya sa ranar da ta ce sun yi nasara aka yarda. Masu karanta labarai ma daga 1940 aka sa su riƙa faɗin sunayensu don jama'a su san muryoyinsu, kar wata rana abokin gaba ya kwaikwaya. Akwai daren 15 ga Oktoba 1940, Bruce Belfrage yana tsaka da karanta labaran ƙarfe 9 bam ya tashi a cikin ginin BBC ɗin, mutum 7 suka mutu, masu saurare sun ji ƙarar, ya ɗan yi shiru ya ci gaba da karatunsa kamar ba abin da ya faru. Duk yaron da na koya wa aiki sai na ba shi wannan labarin.

Kuma kar ki ɗauka gaisuwa abin wasa ce a wajen masu tsaro. Sashen Faransanci na BBC bayan labarai yakan karanto wasu saƙonni marasa kan gado, irin a ce baƙar kazar maƙwabci ta yi ƙwai uku, wannan misalina ne ba nasu ba, alhali umarni ne ga 'yan gwagwarmayar ƙarƙashin ƙasa a Faransa cewa yau za a sako makamai ko a fasa gada kaza. Saboda sanin haka a Amurka daga 1942 aka ja kunnen tashoshi kan karɓar zaɓen waƙa ta waya, kar ɗan leƙen asiri ya aika saƙo da ita, hasashen yanayi ma aka taƙaita shi, a Ingila kuwa daina shi aka yi gaba ɗaya har yaƙi ya ƙare don kar a gaya wa matuƙin jirgin Jamus cewa gobe gari garau ne.

Mu dawo gida. Abin da yawancin yaranmu ba su sani ba shi ne a yaƙin Hitila Kano ta ga jirgin yaƙi kafin ta ji rediyo sosai. Daga 1940 jiragen da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu suna bi ta Ikko su sauka a Kano su wuce Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Khartum har Alƙahira, ga Nijar nan kusa da mu tana hannun Faransawan da suka miƙa wuya ga Jamus, Chadi kuma ta bi de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, tun Agustan 1940. Amma rediyon waya, wadda ake jawo waya daga tasha zuwa wani akwati mai lasifika da abin murɗawa guda ɗaya, ta fara a Ikko a 1935, Ibadan 1939, ba ta iso Kano ba sai 1944 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, yaƙi ya kusa ƙarewa. Da ta zo ma a bangon wuraren taruwar jama'a aka fara kafa lasifikokin, wajen majalisar sarki da laburare da gidan waya, mutane su tsaya cirko-cirko suna kallon akwati yana magana. Kafin nan labarin yaƙi daga Gaskiya Ta Fi Kwabo ake samunsa, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939 Abubakar Imam yana edita, mai karatu ɗaya ya karanta wa mutum ashirin a zaure, sai masu shela, sai majigi da ake kafawa a fili bayan magariba. Talaka kuwa ya fi sanin yaƙin ta tsadar gishiri da yadi, da matsin a noma gyaɗa, da ɗiban gwamna da ake yi ana kai mutane haƙar kuza a Jos.

Kawuna yana cikin runduna ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a yankin Arakan na ƙasar Bama. Na taɓa tambayarsa ko suna jin rediyo a can, ya yi dariya ya ce akwai ta a kantin bariki amma ta Bature ce, ba su jin abin da take cewa, su nasu rediyon shi ne wani ɗan Katsina da ya iya kiɗa da garwar mai da wani mai baki da ke bin kowa da kirarin garinsu har ka ga ƙato yana share hawaye. Ya ce da a ce akwatin nan zai yi Hausa ko sau ɗaya ya ce ana gaishe ka daga gida, da albashin wata ya bayar. Sashen Hausa na BBC bai zo ba sai 13 ga Maris 1957, Rediyon Kaduna kuma 1962.

Yaƙin basasa shi ne yaƙin rediyo na gaske a wajenmu, don kafin 1967 ƙaramar rediyo mai batir ta shigo kasuwa ta yi araha, ba sai da waya ba, ba sai da lantarki ba. Kuma tun kafin a fara harbi rediyo ce ke kawo mana komai, juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 a Rediyon Kaduna Nzeogwu ya yi jawabinsa, ƙirƙiro jihohi 12 a ƙarshen Mayun 1967 da aka ba mu jihar Kano da Audu Bako a rediyo muka ji, ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayu haka, sannan yaƙi ya ɓarke 6 ga Yuli. Soja da ba su fi dubu 10 ba kafin yaƙi sai da suka kai wajen dubu 250, kinga kenan ba unguwar da ba ta da ɗa a bakin daga.

A layinmu wani tela ne mai rediyo, mai zango uku da rigarta ta fata, in batir ya yi sanyi mu yara ake ba mu mu shanya a rana kan katanga, wani har cizonsa yake wai ya ƙara ƙarfi. Ana idar da isha'i za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaurensa, dattawa a gaba mu a baya, ba mai taɓa abin murɗawar sai shi. A ji Kaduna, a ji Landan in lokacinta ya yi, in dare ya tsala yara sun fara gyangyaɗi sai wani malamin firamare ya matso a rage murya a lalubo Rediyon Biyafara yana fassarawa ƙasa-ƙasa. Akwai mai karanta musu sharhi Okokon Ndem, murya gare shi kamar aradu, ko ba ka jin Turanci ka san zagi ake. Kuma dattawan nan da ba su yi boko ba sun iya auna magana fiye da yadda kike zato, in Kaduna ta ce an kama gari Biyafara ta ce ƙarya ne, sai tela ya ce a bari mu ji ta bakin Landan, duk da ita ma Landan ɗin ba ta tsira ba, nan ana cewa tana tausaya wa Ojukwu, can ana cewa ai gwamnatinta ce ke sayar wa Gowon makamai. A matsayina na mutumin ɗakin inji dole in sara wa injiniyoyin Biyafara, Inugu ta faɗi tun Oktoban 1967 amma suka yi ta yawo da tiransimita daga wannan maɓoya zuwa waccan suna ci gaba da magana kamar suna Inugu, har ƙarshen yaƙin ba a rufe musu baki ba.

Amma in kin tambaye ni shirin da ya fi komai daraja a wancan tabarmar, na gaisuwa ne. Labarai suna gaya maka an kama Umuahia, to ina ruwan tsohuwa da Umuahia, ita so take ta ji ko ɗanta yana numfashi. Akwai wata maƙwabciyarmu Iya muke ce mata, autanta ya gudu ya shiga soja a 1968 ba da saninta ba. Ita ba ta fita, sai ta riƙa ba ni ƙuli-ƙuli in zauna kusa da rediyon in kasa kunne, ita kuma tana tsaye a bayan ƙyauren soro, ina hango yatsun ƙafarta ta ƙasan ƙofa. Wata da watanni shiru. Ran nan kawai sai ga shi, kofur wane yana gaida mahaifiyarsa a unguwa kaza cikin birnin Kano yana cewa yana nan lafiya a yi masa addu'a, kafin in miƙe in kai labari sai muka ji guɗa daga cikin soro, ashe ta ji da kanta, washegari har waina ta yi sadaka. Shi ya dawo da ransa, da ɗingishi dai. Amma a bayan layinmu akwai gidan da aka yi zaman makoki aka share, bayan kwana arba'in sai ga gaisuwar mamacin a wata tasha yana cewa yana nan lafiya, saboda katin ya daɗe a hanya kafin ya kai hannun mai karantawa. Matarsa ta ƙi yarda ya mutu, ta ce ita da kunnenta ta ji, ta daɗe tana jira. Tun da na fara aiki ban taɓa karanta katin gaisuwa ban duba kwanan watan da ke jiki ba.

Makaɗa kuwa sun yi aiki ba kaɗan ba. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi wa sojan tarayya waƙoƙi yana zana yadda fagen fama yake, Shata ma ya yi wa soja da manyansu, in aka sa su da dare sai ki ga samari suna tsuma, kuma ba na shakka akwai waɗanda kiɗan nan ne ya kai su layin ɗaukar soja, autan Iya ma ina zargin haka ne. A nan ne zan ba ki gaskiyarki 'yata, don tambayarki ba ta banza ba ce. Kiɗan da ke kwantar da hankalin uwa shi ne kuma ke zuga ɗanta. Kuma akwatin da ya kawo wa Iya albishir yana iya kawo wuta, masu tarihi da yawa sun rubuta yadda a ƙarshen Satumban 1966 aka ɗauko wani rahoto daga rediyon Kwatano cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas aka maimaita shi a Kaduna, abin da ya biyo baya a garuruwan Arewa har da nan Kano a farkon Oktoba, a filin jirgi da Sabon Gari, abin kunya ne da baƙin ciki, an kashe bayin Allah da ba su ji ba su gani ba, ina yaro amma na ga mutane suna gudu da kaya a ka sun nufi tashar jirgin ƙasa kuma ban manta ba. A Ruwanda a 1994 tashar da ta yi ta kiran a fito a yi kisa da kiɗa mai daɗi da barkwanci ta fara janyo samari. Saboda haka ni ba na tambayar ko an sa kiɗa, abin da nake dubawa shi ne wane ne ke magana in faifan ya ƙare kuma me yake cewa.

Ƙarshen yaƙin ma a akwatin tela muka ji shi, ana tsakiyar hunturu mun kewaye wuta, Ojukwu ya fice zuwa Kwaddibuwa, mataimakinsa Philip Effiong ya yi jawabi a rediyonsu ranar 12 ga Janairu 1970, ranar 15 aka miƙa wuya a Ikko Gowon ya ce ba wanda ya yi nasara ba wanda aka ci. Bayan nan gari ya cika da sojoji, tsakaninsu da farar hula sai harara, to a shekarun da suka biyo ne Usman Baba Pategi wanda shi ma soja ne ya fito da Samanja da Hausarsa ta bariki, mutane suka samu damar yi wa kaki dariya ba tare da an mare su ba. Allah ya ji ƙansa, a 2023 ya rasu.

Ni kaina sai da wannan tambayar taki ta zo min har teburina. Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 da aka kai hare-haren nan a Kano aka kashe sama da mutum 180, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana, ina dab da ritaya lokacin, mu biyar dokar ta rutsa da mu a tasha, a kan benci muke kwana. Daren farko karatun Alƙur'ani muka sa da sanarwar hukuma, ba wanda ya ko yi tunanin faifai. Kwana na biyu waya ta fara shigowa, cigiya ce zalla, wane ya fita tun Juma'a da riga shuɗiya bai dawo ba, wance tana gaya wa 'yan uwanta na Ɗambatta tana lafiya, muka yi ta karantawa har muryata ta dishe. A dare na uku ne gardama ta tashi, wani yaro cikinmu ya ce Baba mu ɗan sa wani abu mai sanyi mana, na ce a'a gawa ba ta gama shiga ƙasa ba, muna cikin haka wajen sha ɗaya da rabi na sanar za mu rufe tasha sha biyu kamar kullum don man janareto ya ja baya, sai ga wayar wani magidanci, ya ce dan Allah Malam kar ku rufe, ku bar ko mene ne yana tashi, shirun ne yake hana yarana barci, da sun ji motsi sai su ce an dawo. Na kalli yaron nan, ya tashi ya shiga ɗakin faifai ya ɗauko wani tsohon kiɗan garaya mara waƙa, muka rage masa murya, ni kuma na ɗauki tocila na zagaya baya na tsoma sanda a tankin janareto in ga ko man zai kai mu asuba.